Bautar Mai Koyon Aikin Inji

A cikin koke-koken da iyaye su kan yi game da 'ya'yansu akwai wani wanda ba ya tsufa. An kai yaro wurin gwani don ya koyi aikin inji, ga shi an shekara, ba abin da ya iya sai shara, da wankin noti cikin kananzir, da miƙa sufana. Uba ya dube shi da maraice, riga ta yi baƙi ƙirin da mai, farce ya karye, aljihu ba ko anini, sai ransa ya ɓaci, ya ce ashe bawa ya kai wa mutane. Maƙwabcinsa kuwa, wanda ya taɓa shan wannan wuya, ya ce masa ya yi haƙuri, haka kowa ya fara. Ko wannensu yana da abin kamawa, saboda haka maganar ta cancanci a zauna a auna ta. Shin ya halatta mutum ya ci ƙarfin saurayi shekara 4 ko 5, a kan ɗan abin da bai kai ladan lebura ba, da sunan zai ba shi wani abu wanda ba ya aunuwa a mudu? In kuwa ya halatta, mene ne wannan abu, yaya kuma za a gane an bayar ko an hana?

Zama gaban gwani don neman sana'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ɗan maƙeri tun bai isa ɗaga masaba ba a ke zaunar da shi bayan zuga-zugi. Ya yi ta zuga, idonsa na kan wuta, har ya san launin da ƙarfe ya kan yi in ya isa duka, ba tare da wani ya tsaya ya gaya masa ba. Amma ƙira gado ce. Uba ke koya wa ɗa, ko baffa ya koya wa ɗan ɗan'uwansa, maƙerar da yaro ya ke wa wahala yau kuwa tasa ce gobe. Ba wanda zai ce an cuce shi, kamar yadda ba a cewa an cuci ɗan manomi don ya yi noma a gandun ubansa. Tambayar ba ta taso ba sai da inji ya zo, domin inji ba gadon gidan kowa ba ne.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ta hanyar Baro, a 1912 kuma aka haɗa wannan hanya da ta Ikko suka zama ma'aikata guda. Ko wane kan jirgi yana bukatar masu dubansa kullum. Aka kafa manyan ma'aikatun gyara a Ebute Metta da Inugu, da rumfunan loko a wurare kamar Zariya da Minna da Kafancan. A nan ɗan manomi ko ɗan fatake ya tsaya gaban mutumin da ba danginsa ba, sau da yawa ma ba su haɗa harshe ko addini ba, ya miƙa masa shekarun ƙuruciyarsa. Tsarin daga Ingila aka kawo shi. A can tun 1563 aka yi doka cewa kada mutum ya kama sana'a sai ya yi shekara 7 yana koyo, ko da ya ke a zamanin reluwe abin ya sauko, galibi shekara 5 a ke yi. Tun da ba jini a tsakani, sai aka sa takarda ta tsaya maimakonsa, wannan ya ɗauki alkawarin zai yi biyayya, wancan ya ɗauki alkawarin zai koyar.

Jiragen kwal da tururi sun daɗe da barin aiki a Nijeriya, masu shan man dizal sun maye gurbinsu, amma ya kamata a duba yadda yinin mai koyo ya kan kasance a zamaninsu, gama a nan a ke ganin al'amarin a fili. Tun da sassafe jiniya ta kan yi kuka. Yaro ya shiga, ya nufi wurin fitan da aka haɗa shi da shi, ya jera masa kayan aiki. Kan jirgin da ya dawo daga tafiya a kan kashe wutarsa, a kwashe toka, a bar shi ya huce, sa'an nan a wanke cikin tukunyarsa, domin ruwa ya kan bar wani farin ɓawo kamar na cikin tsohuwar buta, in ya yi kauri sai ya hana zafi ratsawa har ƙarfe ya ƙone. Ramin da ke ƙarƙashin jirgi, da cikin murhu inda ƙaton mutum ba ya shiga sai da ƙyar, duk rabon yara ne. Ya fito toka har cikin kunne, kafin ya kaɗe an ce ya miƙo sufana. Da fari sai ya karanta lambar da ke jikinta, ya kawo wadda ba ita ba, a mayar da shi. Bayan 'yan watanni in ya dubi noti ya san sufanarsa. Bayan wannan kuma sai a ga ya miƙa ta tun ba a tambaya ba, domin ya soma gane inda aikin ya nufa. Mai wucewa zai ce har yanzu miƙa sufana ya ke yi, alhali kuwa yaron da ya fara miƙawa da wanda ke miƙawa yanzu ba ɗaya ba ne.

Daga nan a kan kai shi benci. A ɗaure masa guntun ƙarfe, a ba shi magagari, a ce ya goge shi har ya zama fuskokinsa 6 duk sun yi sumul, ko wace kusurwa ta tsaya daidai. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce aikin yini guda ne. Amma hannun da bai saba ba lilo ya ke yi, ya ci bakin ƙarfe ya bar tsakiya da tudu. Yaro ya yi kwanaki yana guga, kafaɗa ta yi tsami, tafin hannu ya yi kanta, ya kai wa gwani yana murna. Gwani ya ɗora ma'auni a kai, ya ɗaga sama wajen haske, ya ga haske na ɓullowa ta tsakani, ya mayar masa ba tare da ya ce uffan ba. Inji yana iya yin wannan aiki cikin ɗan lokaci kaɗan, kowa ma ya sani, ƙarfen kuma in an gama ba abin da za a yi da shi. Yaron a ke gogewa. Akwai wani ɗan ma'auni mai murɗawa wanda ke rarrabe kashi 1 cikin 1,000 na inci, gashin kan mutum ya fi wannan kauri kamar sau 3. Ranar da yaro ya soma jin cewa kuskuren kaurin gashi kuskure ne babba, ran nan ya sa ƙafa cikin sana'ar.

Dalilin wannan tsanani yana nan cikin aikin kansa. Ƙafar kan jirgi tana da wani zobe na ƙarfe mai tauri a bakinta, shi ke taka dogo. Ba da ƙusa a ke kama shi ba tun fari. A kan sassaƙe cikinsa ya gaza ƙafar kaɗan, wajen kashi 1 cikin 1,000 na faɗinta, sa'an nan a zafafa shi da wuta ya buɗe, a zura ƙafar, in ya huce ya tsuke ya kama ta gam. In mai sassaƙa ya ci da yawa, zobe ya yi sako-sako a hanya. In ya bar da yawa, ya matse fiye da kima har ya tsage. Haka kuma kwanon da sandar ƙafa ke juyawa a ciki, wanda a ke shafe cikinsa da farin ƙarfe mai laushi. Fita ya kan shafa wa sandar shuɗin launi, ya ɗora kwanon ya juya, ya ɗaga, duk inda shuɗi ya taɓa nan ne tudu, ya kankare, ya sāke ɗorawa, haka haka har shuɗi ya bazu ko'ina bai ɗaya. In an yi gaggawa aka bar tudu, wurin ya ɗauki zafi a tafiya, mai ya ƙone, farin ƙarfen ya narke, jirgi ya tsaya a daji da mutane a ciki.

To, wannan shi ne kashi na fari na abin da gwani ke bayarwa, watau sanin da ke zaune a hannu da ido da kunne. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa sana'a ɗabi'a ce da ke kafuwa a jikin mutum ta wurin maimaita aiki, kuma lalle sai da mai koyarwa, gwanintar almajiri kuwa tana bin gwanintar malaminsa. A tashoshin dā akwai mutumin da aikinsa ke nan, in jirgi ya tsaya ya bi shi da doguwar guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafu. Lafiyayyar ƙafa ta kan yi amo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa muryarta a dushe ta ke. Matan da ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin su biya sun san wannan hikima. Amma a ce a rubuta wa mutum bambancin amon nan biyu a takarda, ya karanta, ya tafi tasha ya gane, wannan ba ya yiwuwa. Sai ya tsaya kusa da wanda ya sani, ya ji sau ɗari, ran da aka yi dace da mai tsaga a ce masa, ka ji ta. Irin wannan sani ba ya gajartuwa. Wanda ya ce zai ba da shi cikin wata 3 ko dai bai san shi ba, ko kuwa yana neman kuɗin mutane ne.

Ba a ce littafi ba shi da amfani ba. Waɗansu tsofaffin makanikai su kan yi wa masu takarda dariya, su ce ga injiniya bai san bakin sufana ba, dariyar kuwa wani lokaci tana da dalili. Amma hannu abin da ya taɓa gani kaɗai ya sani. In aka kawo masa injin da bai saba da shi ba sai ya shiga kame-kame, ya cire wannan ya sa wancan, mai abu na biya, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. George Stephenson, wanda ya gina hanyar jirgin Stockton zuwa Darlington da aka buɗe a 1825, a bakin injin ramin kwal ya tashi, bai iya karatu ba sai da ya kai shekara 18. Da ya ga inda hannu ya tsaya, da kansa ya biya kuɗin makarantar dare, ɗansa Robert kuwa ya tabbata ya sa shi makaranta sosai. Saboda wannan ne ma'aikatun kirki su kan haɗa wa mai koyo benci da aji, ya koyi lissafi da karatun zanen inji, ya zauna jarrabawa irin ta City and Guilds ta London. Makarantar koyon fasaha da aka buɗe a Kaduna a 1956, wadda ta zama Kaduna Polytechnic a 1968, don cike wannan gurbi aka kafa ta.

Duk da haka, da a ce gwanintar hannu ce kaɗai a ke nema, da sai a ce shekara 5 ta yi yawa ga yaro mai kaifin kai. Akwai kashi na biyu, shi ne ya fi nauyi, shi ne kuma ba a cika ambatonsa ba. Aikin inji aiki ne da a ke rufewa. Mai sayen riga ya kan juya ta ya dubi ɗinki, mai sayen fartanya ya gwada bakinta da yatsa. Amma in makaniki ya gama ya mayar da murfi ya ɗaure, ba mai ganin abin da ya bari a ciki, ko mai motar, ko direba, balle fasinjan da ya biya kuɗinsa ya zauna yana gyangyaɗi. Akwai wani ɗan fil mai baki biyu da a ke zurawa bayan noti a tanƙware bakinsa, don kada girgiza ta kwance notin. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In an manta da shi ba abin da zai faru yau, watakila ba abin da zai faru wata 6, ran da abin zai faru kuwa yana can nesa, ba mai iya cewa hannun wane ne. A rufin murhun kan jirgi kuma akwai wata toshiya mai dalma a cikinta, an sa ta don in ruwan tukunya ya yi ƙasa dalmar ta narke, tururi ya feso cikin wuta ya faɗakar da direba tun tukunya ba ta fashe ba. Toshiyar nan tana iya shekaru ba a bukace ta ba. Wanda aka sa ya cire ta ya duba, in ya ga dama ya leƙa kawai ya ce lafiya lau, ya sa hannu a takarda, ba mai kama shi.

Malaman Malikiyya sun lura da wannan hali na masu sana'a tun da daɗewa. Asalin hukunci shi ne wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta ba da sakacinsa ba. Amma suka keɓe masu sana'a da ke karɓar kayan jama'a, suka ɗora musu lamunin abin da suka karɓa suka yi aikinsa a bayan idon mai shi, domin mutane ba su da makawa sai sun kai musu, ba su kuwa da hanyar sanin abin da aka yi. Mai karatun Risala ya san wannan mas'ala. An kuma san labarin Annabi Dawuda, wanda Allah ya tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke, aka umurce shi ya daidaita ƙirar zobban bisa gwargwado. Sulke ma irin wannan aiki ne, mai sa shi ba zai san akwai zobe guda mai rauni ba sai ran da mashi ya same shi a nan. Sai dai alƙali yana iya sa a biya rigar da ta ƙone wurin mai guga, ba ya iya mayar da ran da ya tafi saboda birki. A aikin inji abin da ke tsare mutane shi ne halin wanda ya ɗaure notin sa'ad da ba kowa a wurin.

Wannan hali kuwa ba a koyar da shi da baki. Ana iya rubuta shi a allo a sa yara su haddace, su ci jarrabawa a kai, su fita su bar fil. Yadda a ke samunsa shi ne yaro ya daɗe yana ganin mutumin da ba ya bari. Magariba ta gabato, kowa ya gaji, an riga an mayar da murfi, sai gwani ya tsaya yana shafa gemu.

"Kai yaro, ka sa fil a na ciki?"

"Ina tsammani na sa, Maigida."

"Tsammani? Kwance mu gani."

A kwance aikin sa'a guda, a tarar fil yana nan daram, a mayar. Gwani bai ba da haƙuri ba, bai kuwa yi faɗa ba. Yaro ya tafi gida yana ƙunƙuni, yana cewa tsohon nan ya cika fitina. In aka yi masa haka sau 20 cikin shekaru, sai wata rana a same shi shi kaɗai, ba mai dubansa, ya ɗaure murfi, ya tsaya, zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya kwance ya duba. Daga nan ya zama wanda za a ba amanar rayuka. Share wurin aiki, da goge sufana a mayar da ita inda ta ke, da ƙirga kayan aiki kafin a tashi, duk reshen wannan ne, gama sufanar da ba a gani a akwati ba watakila tana cikin injin da aka rufe. Uban da ya ga ɗansa da tsintsiya ya ce an wulakanta shi, ya kamata ya fara tambaya ko maigidan kansa yana barin wurinsa da datti.

Wannan duk hujja ce ga gwanin kirki, ba ta wanke kowa da kowa ba. Kukan uban nan sau da yawa gaskiya ne. Akwai maigidan da ke tara yara 10 ko fiye, ba don yana da aikin da zai koya musu ba, sai don hannun banza ya fi na haya araha. Yaro ya shekara 3 yana ɗebo wa uwargida ruwa, yana kai yara makaranta, yana sayo abinci. In an zo wurin da asirin aikin ya ke, kamar daidaita lokacin wuta ko gyaran famfon mai, sai a aike shi sayen goro, kafin ya dawo an rufe. In ya yi tambaya a ce ya cika rawar kai, in ya yi kuskure a cikin abin da ba a taɓa nuna masa ba a ɗauki bel. Irin wannan maigida shi ma ya kan ce haƙuri ya ke koyarwa, ya kan kawo karin maganar mai haƙuri da dafa dutse. Amma mai dafa dutse yana sa ran romo. Sharar da ke kai yaro benci daban ta ke da sharar da ke kai shi ga wata sharar, ko da ya ke tsintsiyar iri ɗaya ce. Abin da ya fi muni, yaron da aka yi wa haka ya koyi wani abu lalle, ya koyi cewa mai ƙarfi ya kan karɓa ya hana, a kan yi alkawari a saɓa. Shi ne gobe zai sa wa mutum tsohon kaya ya karɓi kuɗin sabo.

Mai ɓoye sani yana da abin da ya ke tsoro, ba kuwa tsoron banza ba ne. Ya ga waɗanda suka koyar da yaro tsakani da Allah, yaro ya buɗe rumfa a tsallaken hanya, ya janye masu kawo aiki, maigida ya tsufa ba fansho, ido ya raunana, ba mai leƙo shi. Wannan yana faruwa, yaron da ya yi haka kuwa ya ci amana, domin hakkin maigida ba ya ƙarewa ran da aka sallami yaro. Amma tsoron butulci ba ya halatta cin ladan da ba a yi aikinsa ba. Shekarun yaro su ne kuɗin da ya biya, ya kuwa biya tun kafin ya ga kaya. Wanda ya karɓi kuɗin buhu ya ba da rabi don yana tsoron mai saye zai yi kasuwa da shi, sunansa sananne ne a ko wace kasuwa. In gwani ba ya son kishiya a sana'a, hanya a buɗe ta ke, kada ya ɗauki yaro, ya ɗauki lebura ya biya shi lada cikakke.

Ba ƙananan masu gareji kaɗai ke wannan laifi ba. A zamanin mulkin Turawa reluwe ta horar da 'yan ƙasa har suka gwanance, amma manyan muƙamai na Turawa ne, mutum ya yi shekaru yana nuna wa sabon zuwa aiki, sabon zuwan yana shugabansa. Michael Imoudu, wanda ya shugabanci ƙungiyar ma'aikatan reluwe, ya kuma yi fice a babban yajin aikin 1945 da ya wuce kwana 40, mai koyon sassaƙar ƙarfe ne a reluwe tun fari. Ba abin mamaki ba ne a ce daga bakin benci irin wannan murya ta fito. Mutumin da aka koya wa auna kaurin gashi ba zai kasa auna ladansa ba.

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta yi ƙoƙarin sa iyaka. Ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce za a yi ta, jami'in ƙwadago ya shaida, kada kuma ta wuce shekara 5. Amma yawancin masu koyo ba su taɓa ganin wannan takarda ba. A garejin bakin hanya, da wurare irin su kasuwar Panteka ta Kaduna inda a ke ƙera injin niƙa da ƙofofi da tukwane daga tsohon ƙarfe, uba ya kan kawo yaro ne da goro da 'yan kalmomi, ya ce ga amana, shi ke nan. Ta ɗaya gefen kuma gwamnati ta kafa asusun ITF a 1971, wanda ya fito da tsarin tura ɗaliban injiniya ma'aikatu su ga aiki da idonsu, na jami'a wata 6, na kwalejin fasaha wata 4. Abu ne mai kyau, amma wata 6 baƙunci ne. Baƙo ya kan ga yadda a ke aiki, ba ya daɗewa har a sa shi ya kwance murfi da magariba. Sai aka wayi gari masu lissafi suna gefe guda, masu hannu suna gefe guda, ko wane ɓangare na raina ɗan'uwansa, abin da ma'aikatun dā suka haɗa a jikin yaro guda ya rabu biyu.

Ran da wa'adi ya cika a kan yi yaye. A tara abokan sana'a, a yi addu'a, a ci abinci, maigida ya sa wa yaro albarka, wani ya haɗa masa da 'yan sufanu da guduma, wani ya ba shi takardar shaida mai hatimi. Takardar tana iya cewa ya iya kwance inji ya ɗaure, mai jarrabawa ma yana iya gwada wannan cikin yini guda. Kashi na biyun ne ba shi da jarrabawa, sai shekaru su bayyana shi. Direbobin tasha, waɗanda ransu ke kan birki kullum, ba su kan nemi ganin takarda ba. In sabon makaniki ya buɗe rumfa, abin da su kan fara tambaya shi ne yaron wane ne, wa ya yaye shi. In aka ambaci sunan wani tsoho, sai a ga mutum ya wuce gareji 5 da motarsa tana hayaƙi, ya kai ta na 6, ya ajiye makulli ya tafi masallaci.